Daga Zangon Fagge Zuwa Filin Jirgin Sama: Bayani a Kan Tafiya ta Filin Jirgin Kano

A birnin Kano in an ce Bata, ana nufin mahaɗar hanyoyin nan da ke tsakanin Fagge da Sabon Gari, dab da babbar kasuwa, inda titin Murtala Muhammad ya ratsa. Sunan ba shi da wata dangantaka da kalmar ɓata ta Hausa, ko da ya ke baƙo ya kan ɓata a wurin saboda cunkoso. An samo shi ne daga kantin takalma na kamfanin Bata, wanda wani mutumin ƙasar Cek, Tomas Bata, ya kafa a garin Zilin cikin shekara ta 1894. Wanda ya tsaya a nan yana tsakiyar tashoshi uku na zamani uku. Ga Fagge a gefe guda, inda ayarin raƙuma ya kan sauka a da. Ga tashar jirgin ƙasa ta kudu. Ga kuma filin jirgin sama na Malam Aminu Kano ta arewa, wanda nisansa daga Bata bai kai mil 5 ba. Abin da wannan takarda za ta nuna shi ne, filin jirgin saman nan magajin zangon Fagge ne, a aikinsa da kuma a bakin Hausawa, kuma dalilin da ya ɗaukaka shi, da wanda ya sa ya ja baya, duk ana iya gane su in an san abin da a ke nufi da zango.

Zango wuri ne da a ke yi saboda gajiyar abin hawa. Da raƙumi ba ya gajiya, ba ya kuma ƙishirwa, da ba a yi zango ba. Ayarin da ya taso daga Tarabulus ya kan biyo ta Gadamas da Gat da Azbin da Damagaram, ya yi watanni bisa hanya kamin ya hango ganuwar Kano, sa'an nan ya sauke kaya a Fagge, bayan ganuwa, inda akwai fili da ruwa da ciyawa. Haka nan Azbinawa masu kawo gishirin Bilma. Inda ayari ya sauka kuwa, nan fatoma ya ke, da dillali, da mai sayad da abinci, da mai canjin kuɗi. Bature Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya tarad da wannan ciniki yana da ƙarfinsa. Amma da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai fuskar ciniki ta juya daga arewa zuwa kudu, gyaɗa da fata su ka riƙa gangarawa Ikko, aka kuma kafa Sabon Gari wajen 1913 domin akawuna da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa da su ka zo daga Kudu da Gwalkwas da Saliyo. Hanyar Hamada ta mutu murus, ko kuwa haka mutane su ka zata.

Ran 1 ga Nuwamba 1925, zamanin Sarkin Kano Usman, jirage uku na mayaƙan saman Ingila, samfurin DH.9A, su ka sauka a filin sukuwa na Kano. Jagoransu shi ne Arthur Coningham. Sun taso daga Halwan kusa da Alƙahira ran 27 ga Oktoba, su ka biyo ta Hartum da Fashir da Fort Lami, wadda a ke kira Njamena yanzu. Wanda ya san hanyar alhazai ta ƙasa zai lura da cewa ita ce su ka biyo, sai dai su daga gabas su ka nufo yamma. Abin da mahajjaci ya kan yi shekara ko shekaru kamin ya ƙare, su sun ƙare shi cikin kwana shida. Wannan kuwa gwaji ne kawai. Sai a Fabrairu 1936 kamfanin Imperial Airways ya soma kawo wasiƙu, daga baya har da fasinja, daga Hartum zuwa Kano sau ɗaya a mako, kāna a ƙarshen wannan shekara aka miƙa hanyar har Ikko.

Tun daga farkon nan aka ɗora wa matafiyin jirgin sama wani sharaɗi da madugu bai sani ba, watau takardar lafiya. A 1933 ƙasashe sun ƙulla yarjejeniya a Heg ta ƙasar Holan a kan kiyaye lafiya cikin tafiyar sama. Babban abin tsoronsu shi ne ciwon shawara, wanda sauro ke yaɗawa. Ayari ba ya iya kai wannan ciwo nesa, gama kamin ya ƙetare daji mai ciwon ya warke ko ya rasu, sauron kuwa ya daɗe da mutuwa. Jirgin sama kuwa yana iya ɗaukar sauro da ransa daga Afirka ta Yamma ya sauke shi a Sudan cikin kwana ɗaya, daga can sai Indiya, inda akwai irin sauron amma babu ciwon. Wannan ne asalin fesa maganin sauro cikin jirgi kamin a rufe ƙofa, da kuma katin nan ruwan ɗorawa na allurar shawara wanda har yanzu a ke tambayar mai fita ƙasar waje. Shaidar lambar agana kuwa an bar nemanta bayan da aka tabbatar da ƙarewar ciwon a duniya a 1980.

Yaƙin Duniya na Biyu shi ya mai da filin Kano babbar tasha. Da Italiya ta shiga yaƙi a 1940, Bahar Rum ya zama da hatsari ga jiragen ruwan Ingila, sai aka riƙa kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna zuwa Takoradi ta Gwalkwas, a harhaɗa su a can, sa'an nan su taso ayari ayari ta Ikko da Kano da Maiduguri, su ƙetare ƙasar Cadi zuwa Hartum, su gangara Masar. Fiye da jirage 5,000 su ka bi wannan hanya kamin ƙarshen 1943, Amurkawa ma su ka shigo cikinta. Kalmar ayari ta dace da su ƙwarai, domin jirgi guda mai ɗauke da masanin hanya shi ke gaba kamar jagaba, ƙananan na biye da shi. Da yaƙi ya ƙare, sai ga Kano da fili gyararre, da rumbunan mai, da na'urorin rediyo, da ma'aikata waɗanda hannunsu ya faɗa.

A nan ne ya kamata a tsaya a dubi dalilin ɗaukakar filin a shekarun da su ka biyo bayan yaƙi. Jiragen wancan zamani masu farfela ne, man da su ke ɗauka ba ya isa ya kai su daga Turai zuwa bakin tekun Afirka ta Yamma, balle Kwango ko Afirka ta Kudu, ba tare da sun tsaya sun sha mai ba. Tsakanin Tarabulus da Kano akwai kusan mil 1,500, mafi yawansa rairayi da duwatsu. Jirgin da ya taso daga bakin Bahar Rum ya yi awa shida ko bakwai a bisa Hamada, Kano ce babban gari na farko da zai tarar a wannan ƙetare. Wanda kuma ya nufi arewa, nan ne zai cika tankinsa cikawa ta ƙarshe. Ashe dai abin da ya kawo raƙumi Fagge shi ya kawo jirgi, watau ƙishirwa bayan ƙetare Hamada. Saboda haka kamfanin BOAC na Ingila ya riƙa tsayawa Kano a hanyarsa ta Ikko da Ankara, Sabena na Beljiyam a hanyarsa ta Kwango, KLM na Holan kuma, wanda ya soma zuwa a 1947, a hanyarsa ta Johannasbag. A cikin gida kuwa akwai kamfanin jiragen Afirka ta Yamma, wanda aka kafa a 1946, wanda kamfanin Nigeria Airways ya gada a 1958. Yawancin masu ƙetare Hamada da dare su kan yi, domin da rana zafin rairayi ya kan ta da iska sama, jirgi ya yi ta girgiza kamar mota a kan gargada. Shi ya sa da yawa daga cikin Turawan da su ka ce sun san Kano, abin da su ka sani bai wuce ɗakin cin abinci na filin jirgi da tsakad dare ko da asuba ba, da 'yan koli masu tallar jakunkunan fata da wuƙaƙe.

Akwai wani abu na wannan zamani da hotunansa su ka bazu a duniya, watau wani mutum a kan raƙumi, da rawani, yana busa kakaki in jirgi ya doso. Baƙi sun ɗauke shi abin kallo, amma aiki ya ke yi, domin a lokacin mutanen ƙauyukan kewaye su kan ratsa ta filin da jakunansu da awakinsu, sai an faɗakad da su. Abin da ya fi dacewa da lura ga masanin al'ada shi ne irin abin busan da aka zaɓa. Kakaki a ƙasar Hausa na sarki ne, ba a busa wa talaka, ba a busa wa attajiri kome dukiyarsa. Sarauniyar Ingila ta ziyarci Kano a Fabrairu 1956, a shekara mai bi mata kuma, 1957, aka buɗe sabon ginin saukar fasinja.

Matafiyi ta Kano, a da da yanzu, ba ya rabuwa da sha'anin yanayi. Filin yana bisa tudu, kimanin ƙafa 1,560 sama da teku, kuma da bazara zafi ya kan tsananta. Iska mai zafi ba ta da kauri kamar mai sanyi, saboda haka fukafukin jirgi ba ya samun abin dogara sosai, injin ma ƙarfinsa ya kan ragu. Dole jirgi ya yi doguwar gudu kamin ya ɗaga, ko kuwa a rage masa kaya. Babban titin jirgin, mai tsawon kimanin ƙafa 10,800, an rubuta masa lamba 06 a kai guda, 24 a ɗaya kan. Ma'anar lambobin ita ce daraja 60 da daraja 240 in an auna daga arewa, watau titin ya miƙe daga kudu maso yamma zuwa arewa maso gabas. Ba da ka aka shimfiɗa shi haka ba. Jirgi ya fi son ya tashi ko ya sauka yana fuskantar iska, iskar ƙasar Hausa kuwa biyu ce: ta hunturu daga arewa maso gabas, ta damina daga kudu maso yamma. Abin da manomi ya sani na inda hadari ke tasowa da inda buji ke fitowa, shi injiniya ya rubuta da lamba a kan kwalta.

Kowace daga cikin iskokin nan biyu ta taɓa yin ɓarna a Kano. Ran 24 ga Yuni 1956 jirgin BOAC samfurin Argonaut ya tashi da yamma ya nufi Tarabulus, hadari na kusa, sai ya kasa hawa, ya bugi itace ya faɗi. Mutum 32 su ka rasu daga cikin 45. A lokacin ba a gama gane irin iskar nan da ke zubowa ƙasa da ƙarfi daga cikin gajimaren hadari ba, wadda kan danne jirgi sa'ad da ya ke ƙasa ƙasa; sai bayan shekaru masana su ka bayyana ta, aka ƙera na'urorin hango ta. Hazo kuwa, wanda mafi yawansa ƙura ce da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi tsakanin Nuwamba da Maris, ya kan rufe gari har matuƙi ya kasa ganin titi sai ya zo dab da shi. Ran 22 ga Janairu 1973 jirgi samfurin Boeing 707 ɗauke da alhazai daga Jidda, wanda Ikko ya nufa amma aka juyo da shi Kano saboda rashin kyawun yanayi a can, ya yi hatsari wajen sauka ya kama wuta. Mutum 176 su ka rasu daga cikin 202. Mutanen Gwammaja kuma ba su manta da ran 4 ga Mayu 2002 ba, sa'ad da jirgi ya faɗo cikin gidajensu jim kaɗan bayan tashinsa, aka rasa rayuka fiye da 100, na cikin jirgi da na ƙasa. Saboda haka fasinjan da aka ce masa an ɗaga tafiya domin hazo, ya wuni a kan benci yana jiran sanarwa, yana da abin ƙorafi in ba a yi masa bayani ba, amma ba shi da shi a kan ƙin tashin.

Duk abin da aka ambata a baya na baƙi masu wucewa ne. Abin da ya mai da filin ya zama na Hausawa shi ne aikin hajji. A da wanda ya yi niyyar Makka ya kan yi sallama da danginsa sallama ta wanda ba lalle ya komo ba, har a kan raba gado, a warware aure. Ya kan bi ta Barno da Wadai da Darfur, ya yi ƙodago a gonakin auduga na Sudan ya tara kuɗin jirgin ruwa, sa'an nan ya ƙetare Bahar Maliya daga Sawakin. Da yawa sun zauna a hanya ba su isa ba, ba su kuma komo ba, jikokinsu na nan a garuruwa irin su Mai Wurno a bakin Kogin Nilu. A 1948 wasu attajiran Kano, Alhaji Muhammadu Nagoda da Alhaji Haruna Kasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, su ka kafa ƙungiyar jigilar alhazan Afirka ta Yamma da motoci, wadda a ke taƙaita sunanta WAPA. Mai karatu zai lura sunan ya zo ɗaya da na mazaunin 'yan canji na Fagge. Cikin shekarun 1950 aka koma ga jirgin sama. Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya yi hajjinsa na farko a 1955, ya kuma riƙa komawa, manya da attajirai su ka bi sahu. Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar alhazai ta ƙasa a 1975, a 1977 kuwa, zamanin da kuɗin man fetur ya yalwata, alhazan Nijeriya sun haura 100,000. Hukumar da ke riƙe da aikin yanzu an kafa ta a 2006, kuma a 2023 Saudiyya ta ba Nijeriya kujera 95,000. Tsakanin Kano da Jidda mil 2,100 ne da 'yan kai, jirgi na cinye su cikin kimanin awa biyar. Sau uku tafiyar ta yanke a 'yan shekarun nan, duk saboda ciwo: a 1996 da aka hana 'yan Nijeriya shiga saboda sanƙarau, da kuma 2020 da 2021 saboda annobar korona.

To, ƙaƙa harshen Hausa ya karɓi wannan baƙon abu? Ƙamus na Bargery ya fito a 1934, shekara biyu kamin jirgin fasinja na farko ya zo Kano, saboda haka kusan dukan kalmomin wannan fanni sun girma ne a bakin jama'a bayan an rufe babban ƙamus. Abin sha'awa shi ne yadda su ka rabu gida biyu. Abin da ya shafi takarda da ofis an aro shi daga Turanci: tikiti, fasfo, biza, fasinja, kwastan. Abin da ya shafi tafiyar kanta kuwa, da tsohon jari aka biya shi. Jirgi asalinsa na ruwa ne, na Sarkawa da masu fito, sa'an nan aka yi jirgin ƙasa, kāna jirgin sama. Mai sarrafa shi matuƙi ne, kamar mai tuƙa kwalekwale. Jirgi ya kan tashi ya kan sauka, kamar yadda ayari ke tashi daga zango ya sauka a wani, in kuwa ya tsaya a hanya domin shan mai ko sauya fasinja, sai a ce ya yada zango. Wurin da a ke tara maniyyata kusa da filin, su kwana suna jiran a kira sunansu, sansanin alhazai a ke ce masa, da kalmar da a da ta mayaƙa ce. Kwashe su kuwa jigila ne, kalmar da a ke yi wa ɗaukar kaya sawu sawu daga wuri zuwa wuri. Kuɗin ƙasar waje da hukuma ke danƙa wa kowane mahajjaci sunansa guzuri, ko da ya ke guzurin da kakanni su ka sani ƙuli-ƙuli ne da dakuwa da garin fura.

Akwai kuma waɗanda aka ƙirƙira sababbi fil, waɗanda sun cancanci malamai su tattara su. Kujera ta zama sunan izinin tafiya da kuɗinta gaba ɗaya, har a kan ce wane ya ba wane kujerar Makka. Uwar jaka ita ce babbar jakar da hukuma ke rabawa, wadda a ke auna nauyinta. 'Yan jirgin yawo su ne waɗanda su ka tafi ta hannun kamfanoni masu zaman kansu, ba ta hannun hukumar jiha ba. 'Yan Kano-Jidda su ne 'yan kasuwa, yawancinsu mata, masu kai da komowa da zinariya da atamfa da turare. Takari kuwa, sunan da Larabawan Hijaz da Sudan ke kiran mutanen Afirka ta Yamma tun zamanin tafiyar ƙasa, ya komo gida da sabuwar ma'ana, watau wanda ya tafi ya ƙi dawowa, yana zaune can ba takarda. Kowace daga cikin kalmomin nan tana ɗauke da labarin wani gefe na tattalin arzikin Kano wanda ba a cika rubutawa ba.

Matafiyin yau da ya taso daga Bata, in ƙasar waje za shi, sau da yawa ya kan fara biyawa ta Wapa ya canji dala ko riyal, kamar yadda falke ya kan nemi mai canji a zango. Sa'an nan ya hau tasi ko A-Daidaita-Sahu, tun da an hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a 2013, ya ratsa ta Sabon Gari ya kama titin filin jirgi. A can zai tarad da ɓangare biyu, na tafiyar cikin gida da na ƙasashen waje. A bakin ƙofa 'yan rakiya ke tsayawa, gama ba mai shiga sai mai tikiti. Wannan ya gajarta al'adar rakiya, wadda a da a kan taka wa matafiyi har bayan gari. Ciki kuwa sai a bi da kayansa ta na'urar da ke ganin abin da ke cikin jaka, a auna su, a ba shi katin shiga jirgi mai lambar kujera. Mai zuwa Abuja ko Ikko daga nan sai ɗakin jira: Abuja ba ta kai awa guda ba, Ikko kuwa kamar awa ɗaya da rabi, tafiyar da jirgin ƙasa ya kan yi kusan kwana biyu a kanta, mil 700. Mai fita waje kuwa sai ya bi ta hannun jami'an lafiya, da na shige da fice masu buga hatimi a fasfo, da kwastan, da masu binciken miyagun ƙwayoyi. Kowace shekara a kan gargaɗi maniyyata kada su sa goro a kaya, domin Saudiyya ta hana shiga da shi. Goron nan kuwa shi ne hajjar da Kanawa su ka yi ɗaruruwan shekaru suna ɗaukowa daga Gwanja, wanda Alhasan Ɗantata kansa ya fara arziki da shi kamin gyaɗa.

Saura bayanin ja da baya. Filin ya ga baƙar rana ran 1 ga Oktoba 1966, sa'ad da sojojin da su ka yi tawaye su ka kashe mutanen Gabas a cikinsa, da tashar jirgin ƙasa, da Sabon Gari, abin da ya ƙara ingiza ƙasa zuwa yaƙin basasa. Amma abin da ya rage masa baƙi na dindindin ba siyasa ba ce tukuna, inji ne. Tun daga 1964, da BOAC ya sa jirgin VC10 a hanyar Landan zuwa Ikko, jirage masu injin jet su ka maye gurbin masu farfela, kowane sabon samfuri kuma ya fi na baya cin nisa. Sun ci gaba da tsayawa Kano shekaru da dama saboda fasinjan Arewa, amma tsayawar ta zama ta ganin dama, ba ta tilas ba. Raƙumin da ba ya jin ƙishirwa ya zo, zango ya rasa dalilinsa na farko. Da aka mai da babban birnin ƙasa Abuja a Disamba 1991, jakadu da manyan ma'aikata su ka koma sauka can. Jihohin Arewa kuma kusan kowace ta nemi filinta, alhazan Sakkwato da Katsina da Maiduguri da Kaduna su ka riƙa tashi daga gida. Kamfanin Nigeria Airways ya rushe a 2003, KLM kuma ya bar zuwa Kano a 2012, bayan shekara 65.

Mutanen Kano sun daɗe suna kukan cewa da gangan aka karkatad da jirage daga garinsu, kuma ba a rasa gaskiya a cikin kukan ba, domin izinin sauka a hannun gwamnati ya ke. Amma in an dubi waɗanda su ka zauna da waɗanda su ka zo daga baya, za a ga cewa abin da ya tafi shi ne cinikin masu wucewa, abin da ya rage kuwa shi ne wanda tushensa ke cikin garin. Kamfanonin da 'yan Arewa su ka kafa, Kabo na Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo a 1980, da Max Air a 2008, da Azman wanda ya soma tashi a 2014, hajji da umara da fasinjan Kano su ka dogara a kai. Kamfanin Habasha da ya soma zuwa a 2014, da na Ƙatar a 2022, ba mai ya kawo su ba, 'yan kasuwar Kantin Kwari da na Sabon Gari ne, masu zuwa Dubai da Gwanju ta ƙasar Sin saro yadi da kayan lantarki. Fuskar tafiya ta sāke juyawa ke nan: daga arewa a zamanin raƙumi, zuwa kudu a zamanin reluwe, yanzu kuwa gabas, ta hanyar da jiragen 1925 su ka biyo.

Abu guda ne na tsohon matsayin bai kau ba, shi kuwa fasinja ba ya ganinsa. A tsarin hukumar jiragen sama ta duniya an rarraba sararin samaniya yanki yanki, kowane da sunan garin da ke lura da shi, sararin Nijeriya kuwa da sunan Kano a ke kiransa, ko da ya ke aikin lura da shi an raba shi tsakanin Kano da Ikko. Jirgin da ya taso daga Turai da dare ya nufi kudancin Afirka, in hanyarsa ta biyo ta nan, ba ya sauka, ba ya shan mai, amma da ya ƙetaro iyakar Nijar, a nisan ƙafa 35,000 ko fiye, matuƙinsa zai kira Kano ta rediyo ya faɗi sunansa da inda ya nufa, a ba shi hanya.